Alli a Hannu, Iyali a Wuya: Waiwaye Kan Ƙaro Karatun Ma'aikata a Ikara, Maƙarfi da Kudan

In ka taɓa leƙa fayil ɗin wani tsohon malamin firamare a ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Ikara, ko na Maƙarfi, ko na Kudan da ke Hunƙuyi, abin da zai fara ɗaukar hankalinka shi ne tazarar da ke tsakanin takardunsa. Ga takardar malanta ta Gired Tu tun zamanin soja. Sai a yi shekara goma shiru, sannan NCE ta bayyana. A sake shafe wasu shekaru, sai ga digiri, wani lokacin ma saura ƙiris mutum ya yi ritaya. Fayil ba ya faɗin abin da ya faru cikin shekarun nan na shiru, amma wanda ya tashi a Kurmin Kogi ko Paki ko Gubuchi ba ya bukatar a gaya masa: aure ne, da suna, da gona, da jinyar tsoho, da albashin da ba ya ganin ƙarshen wata. Ma'aikatan wannan yanki kaɗan ne suka yi karatunsu a zama ɗaya. Yawancinsu guntu-guntu suka tsinto shi.

Babba ya zauna ɗaukar karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau, ya girmi boko nesa ba kusa ba. Magidanci ya idar da sallar asuba, ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya, ya je zaure ya durƙusa gaban malam, a biya masa layi biyu ko uku a fassara, ya rufe littafi ya nufi gona ko kasuwa. Ba a tambayarsa shekarunsa, ba a ce masa ya makara. In damina ta kankama littafi ya koma gafaka ya huta, bayan girbi kuma gardawa su naɗe buzu su tafi ci-rani, wasu su gangara birnin Zariya, wajen malaman Unguwar Juma da Ƙona, su yi rani suna karatu suna ɗinkin hula ko yankan farce. Mata ma ba a bar su ba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato, jagororinsu mata da ake kira jaji suna kai karatu har cikin ƙauyuka ga matan da ba za su iya barin ɗakunansu ba. Abin lura a duk wannan shi ne makaranta ce ke bin lokacin ɗalibi. Ta san manomi ne, ta san yana da bakin da zai ciyar, sai ta tsara kanta a kan haka.

Boko kuwa da ta zo, da ƙararrawa ta zo, da rajista, da shekarun shiga aji ɗaya. Wanda ya wuce shekarun ya tsaya a waje. Sai a farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta waiwayi manya da shirin Yaƙi da Jahilci, kuma Zariya ce ta zama cibiyarsa. A nan Kamfanin Gaskiya yake, a Tukur-Tukur, tun 1945, a nan kuma aka kafa hukumar NORLA domin wanda ya koyi haɗa baƙi ya sami abin karantawa kada ya manta. Aka riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu, Kano tana da Sodangi, Katsina tana da Himma, lardin Zazzau yana da Bazazzaga. Malam Ahmadu Kumasi na cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Da yamma ake zama, a zauren dagaci ko a gindin bishiya, kuma manomin auduga da ya zo ya san abin da ya kawo shi: yana so ya karanta rasit ɗin haraji da idonsa, ya gane abin da sikeli ya nuna kafin akawu ya faɗa masa, ya rubuta wa ɗansa wasiƙa ba tare da ya buɗe wa wani sirrinsa ba. An rufe NORLA a 1959, amma ta bar ƙauyuka da mutanen da suka riga suka ga mai gemu zaune a benci yana riƙe da fensir, kuma ba a yi masa dariya ba.

Waɗanda suka riga suka yi boko suna aiki, hanyoyinsu biyu ne a lokacin. Ta farko gidan waya. Mutum ya aika kuɗi Ingila, ga makarantu irin su Wolsey Hall ko Rapid Results College, a aiko masa da darasi a ambulan, ya yi aiki a gaban aci-bal-bal, ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo. Ta haka Alvan Ikoku ya sami digirin Jami'ar Landan a 1928 bai bar aikin koyarwa ba. 'Yan kudu suka fi bin wannan hanya. Ta biyu ita ce wadda 'yan Arewa suka fi sani: a tura ka kwas. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauchi aka tura shi Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946 daga makarantar guda. A gida kuma ga makarantar Kongo da ke Zariya. A 1947 aka buɗe ta domin horar da akawuna, a 1954 ta zama cibiyar koyar da sha'anin mulki, a 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a shekarar. Ma'ajin En'e da malaman haraji da magatakardan hakimai duk sun sha zama a azuzuwanta, haka ma alƙalai lokacin da aka kawo sabuwar dokar Final Kod a 1960, dattawa masu rawani suka koma ɗalibai. Ina so mai karatu ya riƙe abu ɗaya game da wannan zamani: hukumar da take bukatar ilimin ita ke biya. Ita ke zaɓen mutum, ta ba shi kuɗin mota da wurin kwana, albashinsa yana tafiya, ya dawo ya tarar da kujerarsa.

Shekaru biyu ne suka canza lissafin. A 1974 kwamitin Udoji ya jera ma'aikatan gwamnati a kan matakan albashi daga 1 zuwa 17, takardar da mutum yake riƙe da ita ta zama ita ke faɗin inda zai fara da inda zai tsaya. A tsarin da aka saba, mai NCE yana farawa a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma wanda ba shi da digiri yakan cije a mataki na 14 kome daɗewarsa a aiki, yana ji yana gani yaron da ya koya wa haɗa baƙi ya zo ya zama shugabansa. Sai kuma Satumbar 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. A shekarar aka yi gyaran ƙananan hukumomi, Ikara ta tsaya da ƙafarta, lokacin Maƙarfi da Kudan da Kubau duk suna cikinta. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka wayi gari da makaranta, sai dai babu malamai. Aka kwashi duk wanda ya samu: wanda ya gama firamare, wanda ya faɗi Gired Tu yana da ragowar takardu, wanda ya bar sakandare a tsakiya. Aka ba su alli aka ce su fara, horo zai biyo baya.

Horon da zai biyo bayan shi ya haifi Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a 1976, aka ba ta doka a 1978, mazauninta yana Rigachikun a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Dabararta mai sauƙi ce: kada malami ya bar ajinsa, a kai masa karatu inda yake. A buga littattafan darasi a raba, a ari azuzuwan wata sakandare ranar Asabar da lokutan hutu, a ɗauko malaman da za su yi bita. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ita ma ta fara ba da NCE ta hanyar wasiƙa a wannan tsakanin. Amma kafin malaman UPE su gama tattara Gired Tu ɗinsu, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta riga ta ce nan gaba NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. NTI ta buɗe NCE daga nesa a 1990, aka kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, a 1993, Gired Tu ta fara zama abin kunya a fayil. Waɗanda suka kammala NCE kuma suka ɗaga kai suka hangi katangar mataki na 14. Wato cikin shekara talatin an nemi malamin ƙauye guda ya koma aji sau uku, kuma a kowane karo kason da yake biya daga aljihunsa ƙaruwa yake yi.

Ga wanda yake neman digiri a wannan yanki, hanyar da ta fi shahara ita ce karatun dogon hutu na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda kowa ya fi sani da LVT, da makamancinsa a tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, wadda ta fara a 1962 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai. A takarda tsarin ya yi kyau. Yara sun tafi hutu, ɗaliban jami'a sun bar ɗakunan kwana, malaman firamare da na sakandare su zo su cike gurbin, dogon hutu huɗu ko biyar mutum ya fita da digirin ilimi. Wanda ya tsara shi ya duba kalandar makaranta. Kalandar gona ce bai duba ba. Dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar marka ke nan, lokacin da masara take jiran yuriya, ga maimai, ga huɗa, ga dashen dawa. Malamin firamare a ƙasar Ikara kuwa albashi na cefane ne, gona ce ke ciyar da gidansa. Saboda haka sai ka gan shi ranar Litinin da sassafe a bakin titi, jakar leda a hammata don kada ruwa ya taɓa takardu, da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, yana jiran motar da za ta bi da shi ta Tashar Yari zuwa Zariya. Daga safe har magariba yana lacca a Samaru, don abin da ɗalibi na kullum yake yi a wata huɗu shi ake matse masa cikin 'yan makonni, kamar ɗura. Jikinsa yana aji, hankalinsa yana kan ko 'yan ƙwadago sun je, ko ƙanensa ya zuba takin ko ya sayar da rabi. Ranar Juma'a ya gudo gida, Asabar da Lahadi yana duƙe a gona, Litinin ya koma da kanta a hannu. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma dubban malamai sun tauna, wasu ta ci musu amfanin shekara, wasu ta bar su da kyari-oba da ta ƙara musu wani dogon hutun.

Ta mata ta fi wannan nauyi. Malama ta zo da goyo da 'yar ƙanwarta mai raino, yarinyar ta zauna a barandar aji da jariri, in ya yi kuka ta leƙo ta taga, uwar ta fito ta ba shi mama ta koma ta tarar an wuce shafi biyu. Kafin ta kai nan ma sai da ta sha zagaye a gida. Ba kowane miji ne ke yarda matarsa ta yi makonni a Zariya ba, wanda ya yarda kuma sai an shawo kan uwarsa. Sau da yawa maganar a bakin wani kawu ko malamin unguwa take ƙarewa, ya kira maigidan gefe ya ce, "Malam, ka bar ta ta je. Gobe in 'yarka ta tashi haihuwa, hannun wa kake so ta faɗa?"

Kuɗin kuwa daga inda aka saba yake fitowa: kwasar adashi, buhunan masara da aka ɓoye sai sun yi tsada, ragon da uwargida ta turke, ko a Maƙarfi da Kudan a sayar da rake tun yana tsaye a fadama. Akwai hutun ƙaro karatu da albashi a dokar aiki, amma kowa ya san yadda ake samunsa. Takarda takan kwana a teburin sakataren ilimi har lokacin rajista ya wuce, sai fa mai uwa a gindin murhu. Da yawa sun yi karatunsu ne a ɓoye, da haɗin bakin hedimasta, suka gama kuma aka ƙi karɓar takardar a ofis saboda ba a ba su izini tun farko ba. Wannan zalunci ne mai lasisi: hukuma ta ce sai ka kawo digiri, ta hana ka izinin nemansa, ka nemo da kuɗinka ta ce ba ta san zancen ba.

Gwamnatin tarayya ta taɓa yunƙurin warware matsalar gaba ɗaya. Ingila ta buɗe jami'ar karatu daga gida, ɗalibanta na farko suka fara a 1971, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A Yulin 1983 Shugaba Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya sa hannu a dokar kafa irinta a Nijeriya. Ba ta yi shekara ba gwamnatin soja ta Janar Buhari ta dakatar da ita a Afrilun 1984. Ta yi kusan shekara goma sha takwas a kwance kafin Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon mulkinsa na farar hula, ita ce NOUN ta yau. Shi da kansa ya shiga bayan ya sauka, ya karɓi digirin digirgir a fannin addinin Kirista a Janairun 2018 yana da shekara 80. Duk da haka ɗalibanta sun daɗe suna fama da kallon raini, an hana su bautar ƙasa, an hana masu karatun lauya shiga makarantar lauyoyi. A ƙarshen 2018, lokacin Farfesa Abdalla Uba Adamu yana shugabancinta, aka sa hannu a gyaran dokar da ya daidaita matsayinta da sauran jami'o'i, kuma mai sa hannun shi ne Buharin da ya rufe ta shekara 34 kafin nan.

A shekarun da take kwance ba zama aka yi ba. Bukata tana nan, sai kasuwa ta buɗe. Jami'o'i daga nesa suka riƙa kafa rassa a manyan garuruwa, a ari ajin firamare ko saman bene, a liƙa allo, a fara karɓar kuɗi. Wasu sun koyar tsakaninsu da Allah. Wasu kuwa abin da ake bukata kawai ka biya, ka sayi takardun darasin malami, ka sa hannu. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta rufe irin waɗannan rassa a 2001, a 2012 kuma ta dakatar da karatun ƙarshen mako da na yamma a jami'o'i baki ɗaya har sai an tantance. Matakin ya zo bayan ɓarna ta riga ta yi nisa. Mutane sun riga sun gane cewa ofis takarda yake tambaya, ba ya tambayar abin da ke kai, kuma wanda aka matsa wa ya kawo takarda zai nemi mafi arha.

Ta wani ɓangaren ƙofofi sun ƙaru a kusa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, wadda yanzu ake kira Nuhu Bamalli, ta buɗe a Zariya a 1989, ma'aikatan ƙananan hukumomi suka sami inda za su yi difloma da babbar difloma. A 2004, lokacin ɗan wannan yanki Ahmed Mohammed Maƙarfi yana gwamna, aka kafa Jami'ar Jihar Kaduna. A garin Maƙarfi kansa ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris, wadda ta yaye da yawa daga ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukan nan. Su ma tsaninsu irin na malamai ne: mutum ya fara da ƙaramar shaidar lafiyar al'umma, ya yi aiki, ya koma ya ɗauko babba, ya sake komawa neman ta jami'i, ma'aikaciyar jinya kuma ta tarar ana maganar digiri.

Sai 2017 ta zo ta tone abin da aka daɗe ana rufewa. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ce hurumin TRCN ne ta gwada malami, ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, gwamnati ba ta janye ba. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Babu gundumar da abin bai taɓa ba a Ikara da Maƙarfi da Kudan, kuma da yawa daga waɗanda aka kora suna riƙe da NCE, wasu ma bashin da suka ci suka yi ta bai gama fita daga albashinsu ba. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kowanne ya ɓoye rabin zance. Gaskiya ne yaron talaka bai cancanci malamin da ba zai iya amsa tambayar aji huɗu ba. Amma wa ya ɗauki malamin aiki? Wa ya amince da cibiyar da ta ba shi takardar? Wa ya yi shekaru yana ƙara masa girma da ita, bai taɓa shiga ajinsa ya ga yadda yake koyarwa ba? An hukunta wanda ya sayi takarda, masu sayarwa da masu sa hannu suna nan a kujerunsu. Cikin waɗanda guguwar ta kwashe kuma har da mutanen da suka yi karatunsu da gumi, suka sami saba'in da wani abu, aka haɗa su a buhu ɗaya da wanda bai iya rubuta sunan jiharsa ba.

Abin da ya biyo baya ya ba ni mamaki. Na zaci mutane za su yi zuciya da ƙaro karatu, sai ya zama akasin haka, sai dai niyyar ta sauya. Matasan malaman da aka ɗauka daga baya sun ga cewa kujerar gwamnati ba gado ba ce. Yanzu za ka ji mai NCE yana cewa digirin da zai yi ba lallai na koyarwa ba ne, yana son abin da in an sallame shi gobe zai iya nuna wa wani.

Yau karatun ya koma cikin waya. Wajen 2015 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe cibiyar karatu daga nesa, ta fara da digiri na biyu a harkar kasuwanci, daga baya ta ƙara digirin farko a fannoni irin su aikin jinya da sha'anin mulki da tattalin arziki. NOUN tana da cibiya a Kaduna kusa da filin baje koli, NTI ma ta shiga ba da digiri da haɗin gwiwa. Ma'aikaciyar jinya tana iya sauraron lacca bayan ta sallami masu awo, malami ya tura aikinsa bayan sallar isha. Wannan ya fi kowane tsari na boko kusa da zauren da muka faro da shi, domin ɗalibi ne ke zaɓen lokacinsa, kuma yajin aiki irin na wata takwas da malaman jami'o'i suka yi a 2022 bai cika taɓa shi kamar yadda yake wargaza karatun dogon hutu ba. Sai dai wayar tana da nata haraji. A ƙauye sai an san kusurwar da sabis yake kamawa, sai an kai caji shagon mai sola, sai an sayi data. Rubuta dogon aiki da babban yatsa a kan fashasshen gilashi ba wasa ba ne, mai kwamfuta kuwa a gari yake, shafi-shafi yake caji. Jarrabawa kuma dole a je a zauna a cibiya, Zariya ko Kaduna, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, kuɗin mota ya bi ta.

Akwai kuma wani lissafi da iyayenmu na zamanin kwas ba su sani ba. Magidancin da yake son komawa makaranta yau, ɗansa ma ya isa shiga. A 2021 kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna ya tashi daga ƙasa da naira dubu 30 zuwa dubu 150 ko fiye, a 2023 Gwamna Uba Sani ya sassauto da shi zuwa dubu 105. Albashi ɗaya ba zai ɗauki rajista biyu ba. A mafi yawan gidajen da na sani uban ne yake janyewa, ya ce bari yaro ya gama tukuna, kafin yaro ya gama ƙanensa ya taso. A wajen walimar wanda ya kammala ana yawan cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma haka ne, amma ban taɓa jin wanda ya ajiye karatu a yankin nan ya ce gemu ne ya hana shi ba. Kuɗin rajista yake ambata, da kuɗin mota, da takardar izinin da ba ta fito ba.

Waɗannan kuwa abubuwa ne da hukuma take da iko a kansu, kuma ba su kai gina sabuwar jami'a tsada ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan za su iya haɗa kai su ware gini ɗaya mai sola da intanet da kwamfutoci, su nemi NOUN ko Jami'ar Ahmadu Bello ta amince a riƙa zana jarrabawa a cikinsa, kamar yadda wasu garuruwa suka samar wa kansu cibiyar NOUN. Hukumar ilimin firamare ta jiha ta mayar da hutun ƙaro karatu abin layi, a liƙa sunaye a bango kowa ya ga lokacinsa, ta kuma daina ƙin takardar da mutum ya samo daga makarantar da gwamnati ta amince da ita. Masu tsara karatun hutu su raba zaman, su kai wani kaso bayan girbi. In an yi wannan, sai a shiga aji a duba ko digirin ya canza yadda malam yake koyarwa, a hukunta cibiyar da ta sayar da takarda kafin a hukunta wanda ya saya. 'Yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi uku, a Kaduna da Abuja, ku ne ya kamata ku fara ɗaukar maganar.